Sallar korona da kwamitin unguwa: wa ya riƙe mu lokacin kulle?

Abban_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ke cina. Kwamitin unguwarmu yanzu sai dai suna, in an kira taro mutum biyar zuwa shida ne ke zuwa, kuɗin wata ba mai biya, kwalbati ta toshe tun damina an rasa wanda zai tsaya a kai. Amma wannan kwamitin ne dai a 2020 lokacin kulle shi da mai unguwa da liman suka bi gida gida suka rubuta marayu da zawarawa da masu sana'ar hannu, aka tara gero da sukari aka raba kafin azumi ya yi nisa, har kayan sallah aka ɗinka wa yara. Ni a ganina a shekarar nan kwamitin unguwa ya fi kansila da ciyaman amfani nesa ba kusa ba, kuma sallar da muka yi ba hawa ba yawo ta fi kowace sallah zumunci na gaskiya. To haka abin yake a wajenku ko mu ne muka dace? Kuma me yasa da cutar ta lafa komai ya watse?

Ɗan_Kurmi:
Wa'alaikumussalam. Rabin maganarka na yarda rabi ban yarda ba. Kwamiti sun yi ƙoƙari wannan ba musu, amma kace sallar ta fi? Haba Abban Khairat. A watan Maris fa aka naɗa Aminu Ado sarautar Kano, mutanen gari kowa ya ƙagu yaga hawansa na farko a matsayin sarki, sai ga ƙaramar sallah tazo ba Daushe ba Nassarawa ba Ɗorayi, babbar sallah ma aka sake sokewa. Mu da muka tashi a cikin badala ranar Daushe da la'asar ko ba ka fita ba ƙarar bindiga kaɗai ta isa ta gaya maka sarki ya fito. A shekarar sai kallon tsofaffin bidiyo muka yi a waya. Wannan ba sallah bace, hutu ne kawai da tuwo.

Maman_Ilham:
Ni abin da ke ban mamaki kullum in ana wannan labarin sai ace kwamiti da mai unguwa da liman. To su wa suka gaya musu gidan da ba a ɗora tukunya ba? Magidanci mai rufin asiri wanda kullum yake fita kasuwa ya samo na cefane ba zai taɓa zuwa gaban mai unguwa yace yau ba mu ci ba, ko zai mutu. Mu mata ne muka sani saboda in yaro ya shigo gidanka da la'asar ya tsaya yana kallon kaskon ƙosai bai ce komai ba ka gane. A layinmu adashinmu muka tsayar, kuɗin da ke hannun uwar adashi aka sayi gero da tsamiya da wake, kullum gida biyu ke dama kunu ana miƙawa ta katanga bayan an sha ruwa don kar a ga wa aka ba. Babu sunanmu a littafin kowa.

Abban_Khairat:
Gaskiya ne Hajiya, ko a wajenmu matar liman ce ta kawo fiye da rabin sunayen.

Maman_Ilham:
To ka gani. Amma da za a zauna taron ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba.

Baffa_Tela:
hhhh Maman Ilham yau an taba ki. Ni dai ta bangaren sana'ata zan fada, tunda na fara dinki ban taba ganin azumi irin wannan ba. Mu teloli a azumi muke hada kudin hayar shago da na gida na shekara, to kasuwar Kwari a rufe, ba shadda ba yadi ba zare, wanda ma yake da kudi ba inda zai saya. Ranar Litinin da Alhamis da ake sakin mutane daga goma na safe zuwa hudu kowa ta abinci yake ba ta dinki ba. Abin da na dinga yi shine gyara, uba ya kawo tsohuwar babbar rigarsa a fitar wa yara biyu kaftani, uwa ta kawo atamfar lefenta da ta boye. Kwamitin unguwarmu ne suka bani aikin kayan marayu kuma sun biya ni ba bashi, da shi na sayi shinkafar sallah. Don haka ni ba zan zage su ba ko yanzu sun mutu.

Sadauki_77:
Baffa ƙarin bayani, Litinin da Alhamis ɗin a farko ne, daga baya dab da sallah aka mayar Lahadi da Laraba da Juma'a. Kuma ko a ranakun ba duk kasuwa aka bari ba, 'Yankaba da 'Yan Lemo ne aka ce a buɗe don kayan miya da kayan marmari. Duk wanda ya je 'Yankaba a ranakun nan ya san cewa in da cuta ake gudu to a nan aka fi haɗuwa, mutum kan mutum, kowa yana sauri kafin lokaci ya cika a kai shi kotun tafi-da-gidanka.

Tsohon_Kansila:
Salam. Tunda an ambaci kansila bari in yi magana don ina kan kujera a lokacin. Jama'a ku yi mana adalci. Kano ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484, tallafin da aka ce an kawo da aka zo rabawa cewa aka yi mu kawo gida huɗu a kowace akwatin zaɓe. Akwatin da ke da ɗaruruwan mutane ka fitar da gida huɗu, ta yaya? Duk wanda ka zaɓa ka yi abokan gaba ɗari. Ni da mai unguwa da liman muka zauna muka ce tsofaffin da ba su da kowa za a fara ba, washegari da asuba ƙofar gidana ta cika, har wata baiwar Allah ta zauna a zaure tace ba za ta tashi ba. Kuma ku sani kansila ba shi da wani asusu da yake sa hannu, a lokacin kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Kwamitin unguwa kuwa in sun tara buhu goma su ke da iko da abinsu. Ba daidai bane a haɗa mu a sikeli ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci:
Ranka ya daɗe kai wataƙila ka yi tsakani da Allah, amma namu wlh 'yan jam'iyyarsa ya rubuta, har da wanda ke da adaidaita biyu a titi. Makauniyar da ke ƙarshen layinmu ko taliya ɗaya ba ta gani ba. Kuma ai mun ga abin da ya faru a watan Oktoba da aka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas, buhuna da tambarin CACOVID, gamayyar kamfanonin nan masu ba da tallafin korona, a jiki jibge tun lokacin da mutane ke kwana da yunwa.

Tsohon_Kansila:
Rumbunan nan akwai wanda mukullinsa ke hannun kansila? Ka tambayi na sama.

Gaskiya_Ɗaci:
Kullum na sama, ranar zaɓe kuma ku ne na ƙasa da ke zuwa ƙofar gidanmu.

Anti_Nas:
Ku bar faɗan siyasa tukuna. Ni abin da nake so mu tuna shine me yasa ma aka soke hawan, don naga Ɗan Kurmi yana magana kamar don mugunta aka yi. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, kafin watan ya ƙare duk wanda ke garin nan ya san yadda ake ta jana'iza, manyan malamai, tsofaffin ma'aikata, 'yan kasuwa, Sarkin Rano ma a farkon Mayu ya rasu. Masu haƙa kabari ne suka fara faɗa cewa abin ya wuce na kullum kafin hukuma ta yarda. Daga baya ministan lafiya na lokacin Ehanire da bakinsa yace mutum 979 aka ƙirga a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma rabi zuwa sama da haka ana ganin korona ce. A irin wannan hali ka tara dubban mutane a Ƙofar Kudu kafaɗa da kafaɗa, ga hakimai dattawa? Ana ta kai wa yake ta kaya.

Kuma babban aikin da kwamitin unguwarmu yayi ba rabon gero bane a wajena, hana zaman makoki ne. Ba ƙaramin abu bane ka je ka ce wa mutum an binne mahaifinka yau, a yi addu'a a watse ba rumfa ba zaman kwana uku. Ɗan sanda ba zai iya ba, sai dattijon da ya san mamacin tun suna yara, shi ma sai da aka daina gaisawa da wasu na wata da watanni.

Dan_Baiwa:
Ni fa har gobe ban gamsu korona ce ta kashe mutanen nan ba. Zafi ne ga azumi ga zazzabi, kuma asibitocin kudi duk sun rufe kofa saboda tsoro, mai hawan jini da mai siga ba inda zai je. Kawuna haka ya tafi, an zaga dashi wuri uku ba wanda ya karbe shi.

Anti_Nas:
Allah ya jiƙan Kawu ya sa ya huta. Abin da ka faɗa ya faru kuma ya kashe mutane, ba na musu. Amma ɗaya baya kore ɗaya ɗan uwa, mu da muke ciki mun ga masu numfashi sama sama da ba mu saba gani ba, kuma abokan aikinmu sun kamu an gwada an gani. Rufe asibitin ma ai saboda ba kayan kariya ne, mutum yana tsoron ya kwasa ya kai wa 'ya'yansa.

Dan_Baiwa:
Amin ngd. Allah dai ya kyauta.

Bazazzagiya:
Ku Kanawa kuna kukan hawa, ku da aka bar ku kuka je idi ma! Mu a jihar Kaduna tun ƙarshen Maris muke kulle, El-Rufa'i da kansa ya kamu ya warke, kuma da sallah tazo cewa yayi ba idi, har ya fita tsare hanyar Kano kar ku shigo mana 😂 A tsakar gida muka yi sallar, aka share aka shimfiɗa tabarmi, maigidan ya sha babbar riga zai ja mu sai ga shi bai tabbatar da kabbara nawa ake yi ba, shekara da shekaru yana bin liman bai taɓa ƙirgawa ba. Haka ya koma ɗaki yana kiran malaminsa a waya layi na ta nuna ana magana don duk garin tambayar da ake masa kenan. Surukata tana zaune a kujera tana cewa yau taga ƙarshen boko. Abin da ya fi taɓa mu daga baya shine a watan Satumba Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu, kenan shekararsa ta ƙarshe ba mu ga hawansa ba, mutumin da tun 1975 yake kan gadon.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya gafarta wa Sarki. Don amfanin gaba, a mazhabarmu ta Malikiyya kabbara bakwai ce a raka'ar farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, kuma wanda yayi a gida ba huɗuba a kansa. A shekarar na amsa wannan tambayar har muryata ta dishe.

Game da Kano kuma ba kowa ne yaji daɗin buɗe idin ba. Sarkin Musulmi ya ba da shawarar a yi a gida, Buhari ma a fadarsa ta Abuja yayi da iyalinsa bai je Daura ba, amma Ganduje yace a yi Juma'a a yi idi da sharaɗin takunkumi da wanke hannu. Sai nauyin ya dawo kan kwamitocin masallatai. Mu muka sayi bokitai masu famfo da sabulu, 'yan agaji suka tsaya a ƙofa, muka ce dattawa su zauna a gida, to wa zai ce wa mai shekara saba'in da yayi azumi ba asham ba tahajjud ba i'itikafi kar yazo idi? Su suka riga kowa zuwa sahun gaba. Tazarar da muka shata da toka kafin a tayar da sallah an cike ta.

Ɗan_Damagaram:
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin ya zo da zafi ta wajen masallatai. Da gwamnatin Issoufou ta ce a rufe, a Mirriya matasa sun fito sun yi ƙone-ƙone, a Yamai ma an yi ta artabu da jami'an tsaro cikin dare da azumi ya kusa, ga dokar hana fita ga an killace birnin ba shiga ba fita. Sai 13 ga watan Mayu aka buɗe masallatai. Wanda ya fi shan wuya mai unguwa ne, hukuma na ce mishi ka hana jam'i, talakawa na ce mishi ka zama kafiri. Namu dabara yayi, yace kowane gida mai zaure su yi jam'insu da mutanen gidan, ladan ya kira sallah ya ce a yi a gida, shi kuma ya zauna ƙofar masallaci da tasbaha yana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Amma kar ku manta kafin korona ma kun rufe muna iyaka tun Agustan 2019, sai Disamban 2020 kuka buɗe, to layyar shekarar masu kiwon da suka saba kai raguna Maigatari da Mai'aduwa sai ta daji, wasu nan suka karyar da su.

Sadauki_77:
Ɗan Damagaram wannan rufe boda ba mu muka rufe ba, mu ma a jikinmu ta ƙare, shinkafa kaɗai ta ishe mu misali.

Basakkwace:
Hakanan ne, mu da ke kusa da Illela mun ga abin da idonmu. Kuma shekarar ba a tai hajji ba, Saudiyya ta ce sai mazauna ƙasar kaɗai su ma 'yan kaɗan, to maniyyata da anka mayar ma kuɗinsu ko sunka bari a hukuma da yawa sun yi layya gida, nama ya wadata a unguwa fiye da kullum. Gidan da ba su taɓa ganin cinya ba sai da anka aika musu.

Hajiya_Yaya:
Yauwa Basakkwace ka taɓo inda nake so. Abban Khairat kana tambaya me yasa komai ya watse, ni tsohuwa ce bari in gaya maka abin da na gani. Ba wai mutane sun fi imani a 2020 bane. Masu kuɗin unguwa ne aka kulle su tare da mu. Alhajin da kowace shekara goman ƙarshe a Makka yake yi, sallah a Abuja ko Dubai, a shekarar an rufe Umara an rufe jirgi an rufe hanyar jiha zuwa jiha, dole ya zauna a gidansa yana jin kukan 'ya'yan maƙwabta ta taga. Kuɗin da zai kai wa kamfanin jirgi shi ya ba kwamiti. Kuma akwai tsoro, kowa yana ganin gobe shi za a ɗauka, hannu ya saki. Da aka buɗe hanya kowa ya koma inda ya saba. Kwamitinku bai mutu don lalaci ba, mutum uku ne ke riƙe da shi kuma ukun sun koma Umara.

Abban_Khairat:
Wlh Hajiya kamar kina unguwarmu. Mu biyu ne ma ba uku ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Hajiya ta faɗi rabi, ragowar rabin shine lissafi. Namu kwamitin ba tafiyar alhazai ce ta kashe shi ba, bayan sallah aka ce ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita sai yace littafin ya jiƙe. Daga ranar duk wanda aka je wa da rasit sai yace Allah ya ba da sa'a.

Mai_Doki:
Ina ta karantawa naga ba wanda ya tuna damu. Ɗan Kurmi kai kallo ka rasa mu abinci muka rasa. Doki baya san kulle ba, kullum sai ya ci dusa da harawa da gero ko an yi hawa ko ba a yi ba, kuma duk shekara sallah biyu ce ke mayar da kuɗin, haya da kilisa da angwaye. Bayan mu akwai masu ɗinkin kayan doki, masu sirdi da linzami, masu naɗin rawani da ake biya a naɗa wa yaran hakimai, makaɗa da maroƙa da masu algaita, masu hoto, masu sayar da ruwa da rake a hanyar da sarki zai bi. Hakimi ɗaya in ya shigo gari da tawagarsa gida nawa ke ci? To da kwamiti suka zo rubuta mabuƙata tsallake gidana suka yi, wai mai doki uku ba talaka bane. Kafin babbar sallah na sayar da ɗaya a rabin kuɗinsa don in ciyar da biyun, ingarma fari da na raina tun yana ɗan dukushi.

Ɗan_Kurmi:
Ka ji ko Abban Khairat. Hawa ba wasa bane kawai, kasuwa ce.

Abban_Khairat:
Na ji kuma Allah ya mayar maka da alheri Mai Doki. Amma ni zumunci nace ba ciniki ba. A sallar nan ne na fara shiga gidan maƙwabcina na jikin katanga muka ci tuwo tare, da kuwa kowace sallah daga idi sai mota sai gidan dangi a wata unguwa.

Ɗan_Zangon_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Mu namu kullen bai daɗe ba, sati uku ne daga ƙarshen Maris a Ankara da Kumasi, amma hana taro ya daɗe har ya ci ƙaramar sallah, Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yace kowa yayi a gida, a talabijin muka kalli nasa. Wanda ya san unguwannin Nima da Mamobi ranar sallah da kiɗa da dawaki da sarakunan zango cikin lema zai gane abin da muka rasa. Gwamnati ta ba da ruwan famfo kyauta na watanni, wannan ya taimaka sosai. Bokitin nan mai famfo da Malam ya ambata mu Veronica muke ce mishi, sunan matar da ta ƙirƙiro shi ne 'yar Gana, kowane masallaci da shago sai da ya aje. Amma mu a zango gida ɗaya ɗaki goma sha, bayi ɗaya, ka ce a ba da tazara ina za a samo ta? Sarkin zango da ƙungiyoyin samari su suka riƙa dafa shinkafa suna rabawa kayayo, 'yan matan nan masu dako da suka zo daga arewa suka maƙale ba aiki ba hanyar komawa. Kuma ƙungiyoyin namu har yanzu suna nan don da ma can ba korona ce ta haɗa su ba, biki da suna da mutuwa ne.

Hajiya_Yaya:
To ka ji bambancin, nasu da ma yana da abin yi kowane wata.

Alaramma_Na_Gabas:
Assalamu alaikum. Kuna ta yabon kwamiti da masu unguwa, ni kuma su ne suka zo da takarda suka ƙirga min almajirai. Gwamnonin arewa suka haɗu suka ce kowane yaro a mayar da shi jiharsu, cikin azumi aka zo da motoci. Akwai yaron da ya rage masa izu kaɗan ya sauke, mun riga mun sa ranar bayan sallah, har yau bai dawo ba ban san ko ya ƙarasa ba. Wasu an ajiye su a sansani kwana da kwanaki, an kai wasu Kaduna da Jigawa aka ce an same su da cutar, to a ina suka ɗauka, a tsangaya ko a cikin motar da aka cusa su? Ban ce mai unguwa mugu bane umarni aka ba shi, amma in za a faɗi alherin a faɗi wannan ma. Kuma matan unguwa da kansu suka zo suna tambaya ina yaronmu mai ɗebo ruwa, don kowane gida da nasa.

Maman_Ilham:
Allah sarki Malam. Namu ɗan Haɗeja ne, na riga na yanka masa yadi tare da su Ilham, yana nan a akwati har ya yi musu kaɗan su ma. Amma Malam ka yi haƙuri, yara hamsin a ɗaki ɗaya ga gidajen da suke bara su ma ba abinci, da an bar su me za su ci?

Alaramma_Na_Gabas:
Da an tambaye mu Hajiya da mun faɗi yadda za a yi, iyayensu muna da lambarsu. Ba a tambaya ba.

Baffa_Tela:
wai ni ba wanda zai yi maganar tashe ne? yaran layinmu da aka hana su fita sai suka dinga yi a soro, suka sa wa karaminsu gemun auduga da tsumma a ciki ya zama mai unguwa, wani ya daura kwali a baki wai takunkumi yana bin su da bulala yana a koma gida a koma gida. Mai unguwar na gaske yazo wucewa ya tsaya yayi dariya har da hawaye ya basu dari biyu

Sadauki_77:
😂😂 yaran Kano ba dama. Amma mu dawo kan tambayar. Ni ina ganin ko alhazan Hajiya Yaya sun dawo yau abin ba zai koma kamar da ba, don masu ba da ɗari biyar ɗari biyar ɗin su ne suka karye. Canjin kuɗi a farkon 2023 sannan cire tallafin mai a watan Mayu, ma'aikacin da a 2020 yake iya ba da kwano biyu na gero yanzu shi ma jira yake a rubuta sunansa. A korona ana ganin abu ne na wata biyu a daure a wuce, wannan kuwa ba ranar buɗewa.

Tsohon_Kansila:
Shi yasa nace a dawo kan ƙaramar hukuma. Kwalbatin da Abban Khairat ke magana ba aikin karo-karo bane, aikin ciyaman ne. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku matsa a aiwatar sannan ku kama kansilanku da hujja. Kwamiti ya tsaya a sulhu da tsaro da marayu.

Gaskiya_Ɗaci:
Mu jira ciyaman ruwa ya cinye mana gida kenan.

Anti_Nas:
Ni dai shawarata Abban Khairat, kar ku jira wata annoba. Ku ɗauki abu ɗaya ƙarami da ake yi duk shekara, kayan sallar marayu misali, ku fara tara shi tun Rajab, a liƙa lissafi a bangon masallaci kowa ya gani. Kuma littafin sunayen nan na 2020 in yana nan ku adana, ranar da aka zo rigakafi ko rabon gidan sauro shi muke nema mu rasa.

Maman_Ilham:
Kuma a sa mata biyu a ciki, ɗaya ta riƙe kuɗin. Uwar adashinmu shekara da shekaru tana riƙe da kuɗin mata talatin littafinta bai taɓa jiƙewa ba.

Abban_Khairat:
Ni ban ƙi ba Hajiya, amma kin san dattawanmu, in na kai wannan maganar cewa za su yi yaran zamani sun zo da bidi'a. Sai dai ko a yi nasu daban su riƙa turo wakili.

Maman_Ilham:
Wakili namiji ko? To mun koma gidan jiya. Gero namu, daka namu, sanin gidajen namu, zama kuma naku.

Mai_Doki:
In za ku sake rubuta suna dai ku riƙa shiga ciki kuna tambaya, kar ku tsaya a ƙofa ku ga abin da ke ɗaure a turke ku wuce.

Ɗan_Kurmi:
Ni har yanzu ina kan bakana, sallar da ba Daushe ba a ce ta fi. Malam Na Zaure kai ne alƙali, tsakanin tuwon maƙwabcin Abban Khairat da hawan sarki wanne ne sallah?

Malam_Na_Zaure:
Ni kabbara aka tambaye ni na amsa, wannan ku ƙarasa da kanku, an kira la'asar a nan.